Jar Motar da Aka Bar wa Babana

A tsakar gidanmu na Arlit, tsakanin ɗakin girki da bangon gabas, akwai wata rumfa ta tabarmin kaba wadda ba a zama a ƙarƙashinta. Mota ce a ciki. Tun kafin a haife ni take nan, kuma ban taɓa jin kukan injinta ba. Ja ce, ko in ce ta taɓa zama ja, don zafin garinmu ya shanye launin har ya koma kamar busasshen zoɓo. Gajeriya ce ƙwarai, ina ƴar shekara goma nake ɗora haɓata a kan rufinta. Kujera biyu kawai gare ta. Hancinta dogo ne, ya sunkuya kamar zai sunsuni ƙasa, fitilun suna kwance cikin gilashi mai lanƙwasa kamar idon mai jin barci. A rufin akwai ƴan tudu biyu, ɗaya bisa kan direba, ɗaya bisa kan na gefensa. Bayanta kuwa a datse yake, kamar wanda ya zana ta ya ajiye alƙalami a nan ya tashi.

Arlit gari ne na manyan motoci. Akwai kar-kar, wato bas-bas, na kamfanin haƙar ma'adinai da ke kwasar ma'aikata da sassafe, akwai kamiyo na ɗaukar kaya masu tayar da ta fi mutum tsawo, ga motocin ƴan zinariya da ake ƙara wa tsayi don su haye yashi zuwa Tchibarakaten. Duk wanda ya leƙa rumfarmu sai ya yi dariya, ya tambayi abin da wannan ƴar za ta iya ɗauka. Inna, mahaifiyata, takan ce ai ta ɗauki rabin tsakar gidanta, kuma har yau ba ta sauke ba. Baƙuwar Malam take kiranta. In ta yi wanki ta rasa wurin shanya, sai ta ce an ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ta ƙi bushewa. Baba ba ya tanka mata, murmushi kawai yake yi.

Baba makanike ne a garejin kamfani, daga Damagaram ya zo yana saurayi. A waɗancan shekarun Turawa na ratso sahara daga Aljeriya da tsofaffin motoci, su sayar a kudu, su koma gida ta jirgi. Mai wannan motar ba sayarwa ya zo yi ba. Mutumin Italiya ne, dogo, mai yawan dariya. Motar ta mahaifinsa ce, shi kuma ya sa wa ransa sai ya kai ta bakin tekun kudu. Mafi yawan hanyar a bayan kamiyo ta yi ta, don cikinta bai fi taɗi ɗaya daga ƙasa ba. Da suka wuce Assamaka, garin kan iyaka, ya nace a sauke ta. Bai yi nisa ba dutse ya farke mata ciki, mai ya tsiyaye, injin ya ƙame. Da igiya aka jawo ta garin.

Baba ya buɗe injin, ya tarar wani ƙarfe ya karye, wanda ba za a samu irinsa a kusa ba. Mutumin ya kwana tara a ɗakin Baba, yana cin tuwo da hannu yana ƙona yatsu. Ran da zai tafi ya miƙa masa mabuɗi, ya ce ya riƙe masa, zai dawo da ƙarfen in sanyi ya shigo. Baba ya ce masa, za ka same ni nan. Ya bar adireshi a takarda, Baba ya rubuta masa wasiƙa sau biyu, ba amsa. Daga baya hanya ta rufe wa baƙi na tsawon shekaru, Turawa suka daina zuwa. Baba ya yi aure, aka haife ni, mota tana nan.

Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya yaye bargon da ke kanta, ya goge ta da busasshen tsumma mai laushi, ya ɗiga mai a wasu ramuka na injin, ya sake kafur ɗin da ke korar ɓeraye. Ban taɓa ganin ya sa mata ruwa ba. Na ɗauka don ruwa yana wuya a garinmu ne, ban kuma tambaya ba. Ni kaɗai ya yarda in shiga, kuma kujerar gefe kawai. A nan na yi yawancin karatuna na lakwal, wato makarantar boko. Cikinta na ƙamshin tsohuwar fata, sitiyarin na katako ne, siriri, mai santsi. Sai in rufe littafi in yi ta kallon bangon gidanmu ta gilashin gaba, ina ganin hanya mai itatuwa dama da hagu, ana yayyafi. Ban taɓa ganin irin wannan hanyar ba a lokacin, amma motar ta san ta, ni kuma ina aro a wurinta.

Ina jami'a a Yamai aka rufe mahaƙar da Baba ya yi wa aiki. Garin ya fara raguwa. Layinmu kaɗai gida huɗu aka garƙame, matasa suka bi zinariya, tsofaffi suka koma garuruwansu. A lokacin ne tari ya kama Baba. Kowa da abin da yake faɗi game da inda tarin ya samo asali, mu dai abin da muka sani shi ne ba ya tafiya. Likita ya duba shi sau uku, a na ukun ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa, a kai shi babban asibiti, kuma jinyar ta watanni ce, ba ta kwanaki ba. Ƙanen Baba da ke Damagaram ya gyara mana ɗakuna biyu, yana bugo waya duk mako. Baba ya ce ba ya tafiya.

Na dawo gida hutu na gan shi. Rigarsa ta yi masa yawa, kafaɗunsa sun tsaya kamar ƙugiyar rataye kaya. Inna ta gaji da magana. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin liman. Liman ya zo har gida ya ce masa ya sauke nauyi tuntuni, shari'a ba ta ce mutum ya kashe kansa a kan ajiya ba, zai iya damƙa ta ga wani amintacce. Baba ya saurare shi har ya gama, ya gode, ya ce: "Malam, bai ce mini na ba ka ba. Cewa ya yi riƙe mini. Ni kuma na ce zai same ni nan."

Amininsa ma ya gwada. Wani Ba'abzine ne maƙerin azurfa, tsararsa, wanda suka fi shekara talatin suna shan shayi tare duk la'asar. Kawu nake ce masa. Ya ce a kai motar gidansa, yana da fili. Baba ya ce shi bai haukace ba da zai ba kura ajiyar nama, kafin ya kai Agadas an mai da ita zobba da ƴan kunne. Kawu ya ce Badamagare dai taurin kai ne gadonsa. Suka yi dariya, dariyar ta koma tari, maganar ta mutu a nan.

Ni ce na kawo shawarar cigiya. Na ce in an samu mai ita, ko ɗansa, ko wanda ya san shi, zai faɗi abin da za a yi, Baba ya samu ya tafi. Baba ya ce cigiya dai ba laifi ba ce. Na ɗauki hotuna da wayata, na nemo wani dandali a intanet inda masu son tsofaffin motocin Italiya ke haɗuwa, na rubuta labarin da Faransanci, na sa sunan da ke jikin tsohuwar takardar.

Ban yi zaton za a kula ni ba. Kafin washegari saƙonni sun cika wayar. Wasu ba su yarda ba, suka ce hoton ƙarya ne. Wasu suka nemi saye, na ce ba tamu ba ce. Wani dattijo daga arewacin Italiya shi ne ya tsaya ya yi mini bayani a natse, da Faransancinsa mai ɗingishi. Ya ce a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, akwai ƙananan maƙeru a yankinsu da ke sayen inji da ƙashin mota daga manyan kamfanoni, su kuma su yi mata jiki da hannu. Da yawa daga cikin ma'aikatan a aikin jirgin sama suka koyi sarrafa alminiyam. Sukan fara sassaƙa siffar motar da katako, sa'annan su ɗauki fallen ƙarfe su yi ta bugu da guduma a kan kututture ko jakar yashi, suna gwadawa a jikin katakon, har ya kwanta. Su ɗora shi a kan siraran bututun ƙarfe da aka haɗa kamar kejin tsuntsu. Don tsere a hanyoyin duwatsu aka yi su, shi ya sa ba su da yawa, da yawansu kuma sun ƙare a ramuka.

Da la'asar nakan zauna gefen tabarmar Baba ina fassara masa. Komai na jikinta, in ji dattijon, dalili gare shi. Injin ƙarami ne, don haka aka yaƙi nauyi da iska. An sauke rufin ƙasa don iska ta wuce, da ya yi ƙasa da yawa sai aka yi tudun nan biyu don kan mutum ya samu wuri. Tagogin gefe ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, don ta fi sauƙi. Bayan da aka datse ma ba gajiya ba ce, sun gano iska ta fi sakin mota in an yanke mata wutsiya. Baba yana jin wannan sai ya gyaɗa kai, ya ce ai ya sani, hannunsa ya gaya masa tun ranar farko, kalmomin ne dai bai da su. Rabon da in ga idonsa da haske haka an daɗe. Na ji daɗi, amma na lura bai ce komai game da tafiya ba.

Dattijon ya roƙi in turo hotuna masu kyau, musamman na gefen hagu wajen gaba, don lanƙwasar wurin za ta nuna masa wace maƙera ce ta yi ta, daga nan wataƙila a bi sawun mai ita. Ya ce a hotunan farko ba ya ganin komai sai duhu-duhu.

A gidanmu, abin da za a nuna wa baƙo sai an goge shi. In za a yi baƙi Inna kan fito da tukwanenta na alminiyam, mu zauna da toka da lallausan yashi da soson ƙarfe, mu yi ta dirza har mutum ya ga fuskarsa. Tukunya mai dusashe abin kunya ce. Da na ji an ce jikin motar da tukwanenmu ƙarfe ɗaya ne, sai na ga kamar an ba ni amsa. Wata ranar Talata da hantsi, Inna ta tafi barkar haihuwa, Baba ya sha magani ya kwanta. Na ɗebo ruwa rabin bokiti.

Da sabulu na fara. Ruwan ya gangaro ja-ja, wurin kuma ya ƙara yin dabbare-dabbare. Na ce tsohuwar dauɗa ce ta shekaru, sabulu ba zai iya ba. Na ɗauko toka da soso. Ban daɗe ina dirzawa ba wani ɓawo ya ɗago, ƙarƙashinsa fari fat, yana ƙyalli. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi tsalle. Na ga kamar ta daɗe tana jiran a cire mata wannan tsohuwar rigar. Amma farin wurin ya tsaya a tsakiyar ja kamar gyambo, sai na ce bari in daidaita bakinsa. Ina daidaitawa yana ƙaruwa, fentin na tashi da kansa kamar ɓawon albasa. Kafin a kira azahar, daga fitilar hagu har bakin ƙofa babu sauran ja. Na ɗauraye, na tsane, na ɗauki hotuna a cikin hasken rana, na tura. Hannuwana na zafi, raina fes.

Baba ya fito alwala yana dafa bango. Ya tsaya da buta a hannu. Ya daɗe a tsaye, har na fara jin tsoron zai faɗi. Sa'annan ya ajiye butar, ya matso, ya sa ɗan yatsa ya bi bakin inda ja ya ƙare.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "Me ta yi miki?"

Na yi ta bayani, hoto, dattijo, tukwane. Ya saurara. Ya ce to. Ya yi alwalarsa ya koma ɗaki. Da Inna ta dawo ta gani, ita da ta shekara da shekaru tana yi wa motar gori, sai ta zauna a kan turmi ta rufe baki da mayafi. Ita ta gaya mini abin da ya sa ba ya sa mata ruwa: fentin ya tsattsage tun da daɗewa, ruwa in ya shiga ƙarƙashi ɗaga shi yake yi. Ta ce ta ɗauka na sani. Kowa ya ɗauka na sani.

Amsar dattijon ta zo da yamma. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce bisa ga abin da ya gani, wannan shi ne fentinta na farko, wanda aka fesa mata a maƙerar da aka haife ta, kuma samun irinta da fentin farko abu ne mai wuya ƙwarai. Ana iya fesa sabo, har ya fi na da kyau, amma wancan ba ya dawowa. Ya ce ya gane maƙerar, an rufe ta tuntuni. Game da mai motar kuwa, ya tambaya ko'ina. Mutum ɗaya ya tuna an taɓa cewa wata ja ta tafi Afirka ba a sake jin labarinta ba. Iyakar abin da aka sani ke nan.

Kwana uku Baba bai je wajen rumfar ba. Juma'a ta zo ta wuce, bargo na ninke a inda na ajiye shi. Bai yi fushi da ni ba, yana amsa gaisuwata, yana karɓar kunu daga hannuna. Ni ce ba na iya kallonsa. Na so in taimaka masa ya tafi, na ƙare da ɓata abu ɗaya da ya riƙe ba tare da aibi ba duk tsawon rayuwarsa.

Ran Asabar Kawu ya zo da butar shayinsa da ɗan gawayi. Ya riga ya ji labari, garinmu ba ya riƙe magana. Bai shiga wurin Baba ba, rumfar ya nufa. Ya tsuguna, ya gyara rawaninsa, ya rufe ido yana shafa farin ƙarfen da tafin hannu, a hankali, kamar mai duba jikin raƙumi. Ya zagaya gefen dama ya shafa ta kan fenti, ya dawo. Sa'annan ya ɗaga murya, da Hausarsa ta Abzin da ke ce wa komai shi.

"Badamagare, fito ka gani. Shekara nawa kana gadin abu ba ka san shi ba."

Baba ya fito, na shimfiɗa masa tabarma a bakin rumfar. Kawu ya kama hannunsa ya ɗora a kan ƙarfen. Ya nuna masa sawun zarto, sirara kamar gashi, duk sun kwanta gefe guda. Ya nuna masa inda aka haɗa falle biyu da wuta aka goge har sai mai sana'a ne zai gane. Ya ce mutum biyu suka buga shi, don kumatun dama ya fi na hagu cika kaɗan, kuma na hagun ya fi haƙuri. A wani ɗan wuri kusa da fitila ya ce nan gudumar ta zarce, mai bugun ya dawo ya gyara, wataƙila yunwa yake ji. Ya yi ta magana kamar yana ba da labarin wani ɗan'uwansa da suka koyi ƙira wuri ɗaya.

"Wannan ba kamfani ya yi shi ba," ya ce. "Maƙeri ne irina. Ka ce in narka aikin maƙeri? Kai ma ka san ƙarya kake mini."

Baba bai yi dariya ba. Hannunsa na kan ƙarfen. Ni ina can gefe ina fifita gawayi, ina so in tashi, ina so in ji.

"Ina jin ta," ya ce. "Ran Talata. Ina kwance ina jin ƙarar soson. Na ce tukwane ne. Can na gane ba daga ɗakin girki take fitowa ba. Na yunƙura sau biyu, jikina ya ƙi. Na kira, muryar ba ta fita ba. Taku goma ne daga gadona zuwa nan."

Kawu ya hau juya shayi daga kofi zuwa kofi.

"Da ɓarayi ne ma haka zan kwanta ina ji," Baba ya ce. "Ashe na daɗe da daina riƙe ta. Zama kawai nake yi kusa da ita."

"Ni ma tsoho ne," Kawu ya ce.

"Kai kana tashi."

"Ina tashi," Kawu ya ce. "Kuma in mutumin ya zo, ni zan sa shi a kar har Damagaram, ya same ka can, ka ba shi tuwo ya ƙona hannu."

Baba ya sa hannu a aljihun rigarsa ta ciki ya ciro mabuɗin, ɗan ƙarami, ɗaure da zare. Bai miƙa ba tukuna. Ya ce sai an kira shaidu.

Washegari liman ya zo da ɗaya daga cikin maƙwabtanmu da suka rage. A gabansu Baba ya faɗi sharuɗɗansa: ba sayarwa, ba ruwa, ba a taɓa gefen hagu, a bar shi yadda yake don mai ita ya ga abin da ya faru. Kawu ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin muka tuna ƙofar gidanmu ba ta wuce faɗin mutum biyu ba, don motar ta riga bangon zuwa, zagaye ta aka yi da gini. Dole aka fasa. Magina biyu suka yi wunin safiya suna sauke tubali, Inna na tsaye tana kallon katangarta. Tayoyin sun daɗe da mutuwa, sai aka shimfiɗa katakai, maza shida suka yi ta turawa suna mai da na baya gaba. Ba ta da nauyi, suka ce, kamar babu komai a cikinta. Mutanen layi suka fito ƙofa suna kallo. Rabi ja, rabi fari, tana tafiya a hankali a kan titin da ba ta taɓa takawa da ƙarfinta ba. Baba bai bi su ba. Yana zaune a kan kujera a inda bango ya faɗi, har suka sha kwana.

Da aka mai da tubalin ya bushe, Baba ya sa na samo ragowar shuɗin fenti da buroshi. Ya ce in rubuta a bango, gefen ƙofa, da Faransanci, da manyan baƙaƙe. Yana faɗi ina rubutawa. Motarka tana gidan maƙerin azurfa, bayan tashar motocin zuwa Agadas, tambayi kowa. Ina Damagaram ina jinya. Na jira ka. Na ɗauka ya gama, na sa buroshin a gwangwani.

"Saura ɗaya," ya ce. "Fentin gefen hagu ya lalace a hannuna. Ka yafe."

Na ce, Baba, ai ni ce.

"Ba ke aka ba ajiya ba, Uwata. Rubuta."

Na rubuta. Layin ƙarshe ya karkace, fenti ya zubo a wuri biyu, bai ce in gyara ba.

Bayan kwana biyu muka shiga kar. Hanyar ta lalace ƙwarai, wani wurin direba kan bar kwalta ya bi yashi don ya fi sauƙi. Baba ya galabaita, a Agadas sai da muka kwana biyu kafin ya iya ci gaba. Likitocin Damagaram sun ce an makara, amma ba a makara gaba ɗaya ba, suna yin abin da za su iya. Wata na biyar ke nan. Na ajiye karatu sai baɗi. Abin da na so ya faru, Baba ya tafi asibiti, kuma ta hannuna abin ya biyo, amma har yau ban san yadda zan yi murna da shi ba.

Yau ma da safe na raka shi karɓar allura. Layin ya yi tsawo, bencin ba shi da majingina. Ya ɗora kansa a kafaɗata ya yi barci, numfashinsa na fita da ɗan sauti. Hannuna ya mutu, ban motsa ba sai da aka kira mu.